Tambaya: wai da gaske an tono ƙasusuwan Annabi Isa a Ƙudus?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah mai amsawa ya amsa da ilimi, wanda ya zo neman faɗa ya yi gaba.

Ni mai gyaran waya ne, shagona yana Bello Way. A bakin shagon akwai yarona da na ba ɗan teburi da tsohuwar kwamfuta, yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinai a memori, abin da ya samu nasa ne. Tun da makon Istar Kiristoci ya kama na lura samari suna ta zuwa suna cewa "a sa min na kabarin nan". Da rana ta take aka ɗauke wuta, aiki ya tsaya, sai na ce ya kunna min in gani. Ana nuna waɗansu akwatuna na farin dutse, tsawon kowanne bai fi kamu ɗaya da rabi ba, an karce rubutu a jikinsu a karkace. Wani ya ɗora murya da Hausa, irin muryar nan ta masu fassarar fim ɗin Indiya, yana cewa Turawa masu bincike sun tono kabarin Yesu a Ƙudus, ga ƙasusuwansa, ga na uwarsa, ga na matarsa da ɗansa, har an yi gwaji an tabbatar, amma coci ta danne maganar. A ƙarshe ya ce duk wanda ya kalla ya tura wa Kiristan da ya sani.

Na hana yaron tura shi. Maƙwabciyar shagona wata baiwar Allah ce 'yar Zuru mai sayar da abinci, shekara da shekaru muna tare, ita ke sa min ido a shago ranar Juma'a idan na tafi masallaci, ɗanta kuma kullum yana kan bencin yaron nan in ya taso makaranta. Ban ga yadda za a yi ta ji wannan murya tana tashi daga ƙofata ba. Sannan mu nan Sakkwato ba sai an tuna mana abin da saƙon waya ya jawo a 2022 ba.

To amma yaron ya ce ina toshe masa kasuwa, wai "Oga ai gaskiya ce, Turawan da kansu suka faɗa". Ni kuwa ba ni da amsar da ta wuce "na ce a'a", kuma na san a'a ba ta gamsar da yaro mai shekara ashirin. Shi ya sa nake tambaya. Kabarin nan akwai shi da gaske? Wa ya tono, yaushe? Gwajin fa? Kuma su masu haƙar kayan tarihin da kansu me suka ce, ba liman ba, ba fasto ba?

Malam Mai Tarihi, Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kabarin akwai shi, akwatunan akwai su, rubutun ma akwai shi. Abin da mai muryar ya ƙara daga aljihunsa shi ne ƙasusuwan, da tabbacin, da dannewar coci.

A watan Maris na 1980 ma'aikata suna fasa dutse za a gina benaye a unguwar Talfiyot ta Gabas, wajen kilomita 5 kudu da tsohon birnin Ƙudus, sai suka buɗo bakin wani kogo. Hukumar kula da kayan tarihi ta Isra'ila ta turo ma'aikacinta Yosef Gat, a ƙarƙashin kulawar Amos Kloner. Suka fito da akwatuna 10, guda 6 da rubutu a jiki.

Sai ka fahimci al'adar kafin ka fahimci akwatin. Daga wajen shekara 20 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa shekara ta 70 da Rumawa suka rushe birnin, masu hali daga cikin Yahudawan Ƙudus suna sassaƙa kogo a dutse ya zama makabartar gidansu. A bangon kogon akwai ramuka masu zurfi, a nan ake tura gawa a toshe. Bayan shekara guda, nama ya ƙare, sai dangi su dawo su tattara ƙasusuwan cikin ɗan akwatin dutse, don ramin ya samu wa na gaba. Shi ya sa ka ga akwatin gajere, awonsa ƙashin cinya ne, ba tsawon mutum ba. Sau da yawa akwati ɗaya yana ɗauke da ƙasusuwan mutum biyu ko fiye. Rubutun kuma ba na ado ba ne, wani ɗan gida ne ke karce sunan a gurguje cikin duhu don a gane na wane ne. Irin waɗannan kaburbura an tono ɗaruruwansu kewaye da birnin.

Sunayen da aka karanta a na Talfiyot su ne Yeshuwa ɗan Yehosef (wato Yesu ɗan Yusufu), Mariya, Yose, Matiya, Yehuda ɗan Yeshuwa, sai ɗaya da harshen Girka da aka karanta Mariyamene wadda ake ce wa Mara. Ba wanda ya ɓoye komai. Sun shiga kundin akwatunan da wani masani Rahmani ya wallafa a 1994, Kloner ya fitar da rahotonsa a 1996, a shekarar ma BBC ta yi shiri a kai, aka ɗan yi surutu aka manta. Sai a 2007 mai shirya finafinan Holiwud James Cameron da ɗan jarida Simcha Jacobovici suka yi dogon shirin talabijin, tashar Discovery ta nuna shi a watan Maris, gab da Ista. Daga yadda ka kwatanta, guntayensa aka yayyanko aka ɗora wa Hausa. Ka ga ke nan "sabon labarin" ya girmi waɗansu masu tura shi.

Me ya sa Kloner, wanda ya shiga kogon da ƙafarsa, kuma Bayahude ne da ba shi da abin karewa a coci, ya yi watsi da maganar? Saboda sunayen. Wata masaniya, Tal Ilan, ta tattara sunayen Yahudawan wancan zamani daga rubuce-rubuce da kaburbura. A maza, Yusufu ne na biyu wajen yawa, Yeshuwa na shida. A mata kuwa, ɗaya cikin kowace 4 ko 5 Maryamu ce. Ɗauki garinmu. A ce bayan shekara dubu biyu wani ya tono makabarta a nan Sakkwato ya ga allo an rubuta "Bello ɗan Usman", kusa da shi ga "Asma'u", ga "Abdullahi". Zai iya rantsewa ya samu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Ka leƙa rajistar kowane aji a makarantar da nake koyarwa, za ka haɗa wannan gida sau da yawa. Mu kuwa mun san Sultan Bello yana Wurno tun 1837. Kai, wannan ma ba shi ne akwati na farko mai "Yeshuwa ɗan Yehosef" ba, tun a 1931 masanin haƙar kayan tarihi Eleazar Sukenik ya ba da labarin wani daban.

Batun gwaji kuwa, ba a gwada ƙashi ba, don tun a 1980 aka sake binne ƙasusuwan bisa ƙa'idar malaman addinin Yahudu. Masu shirin sun kankaro ɗan abin da ya manne a ƙasan akwatuna biyu, na Yeshuwa da na Mariyamene, suka aika jami'ar Lakehead a Kanada. Gwajin ƙwayoyin halittar ya nuna abu ɗaya tak: mutanen biyu ba su haɗa uwa ba. Daga nan masu shirin suka yi tsalle suka ce ashe mata da miji ne. To ai za ta iya zama 'yarsa, ko gwaggonsa, ko 'yar kishiyar uwarsa, ko matar Yose, ko matar Matiya. Akwatin Mariya kuwa, da suke cewa uwarsa ce, wanda shi ya fi cancanta a gwada, ba a gwada shi ba.

Akwai kuma hujjar da Jodi Magness ta jami'ar Karolina ta Arewa ta kawo. Kogon dutse kayan masu kuɗi ne, gidan su Yesu kuwa talakawa ne daga Nazarat, can arewa a Galili. In ma suna da makabartar gida, can ya kamata ta kasance. Kuma baƙo a Ƙudus da garinsu aka fi kiransa, ɗan gari ne ake kira da sunan ubansa.

Ka gaya wa yaronka waɗansu Turawa ne suka faɗa, masu shirin talabijin, mafi yawan masu haƙar kuma suka ƙi.

Baba na Kanwuri:

Salamu alaikum. Jikana ka rubuta min wanga, ni idanu sun yi rauni.

Ɗana mai gyaran waya, Allah shi yi ma albarka da kah hana yaron. Malam ya yi bayanin duwatsu, Allah shi ƙara ilimi. Ni tambayata ga samarin da ka yawo da wanga abu ta: ku mi kunka karanta ga makaranta? Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, Allah yac ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu, kuma Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Hadisi ya inganta cikin Sahihu Muslim cewa zai sauko wurin farar hasumiya gabas da Dimashƙa. To wanda anka ɗauke, kuma muna jiran saukowatai, ina yas samu ƙasusuwa cikin akwati? Musulmin da yat tura wanga bidiyo shina dariya, shina ganin ya kada Kirista, ayar da yah hardace ta yaƙ ƙaryata bai sani ba. Sannan an liƙa ma Annabin Allah mata da ɗa, babu nassi, babu isnadi, sai muryar wani ƙato da ba a ko ganin huskatai.

Mu da Kiristoci mun saɓa, saɓani babba, ba ɓoye shi aka ba. Su sun ce an gicciye shi ya mutu ya tashi rana ta ukku, mu mun ce ba a kashe shi ba sam. Amma ga wagga magana guda, cewa jikinai ba shi cikin ƙasa, bakinmu ɗai da su.

Kuma wagga ba ita ta ta hwarko ba. Mabiyan Mirza Gulam Ahmad na Ƙadiyan sun daɗe suna hwaɗin ya tsira ga gicciye yat tahi Kashmir yam mutu can da tsuhwa, har suna nuna wani kabari cikin birnin Sirinaga. Malamanmu ba su karɓa ba, Kiristoci ba su karɓa ba. Yanzu kaburbura sun zama biyu ke nan, ɗaya Kashmir ɗaya Ƙudus, kowa da nashi.

Malam ya kawo misalin Wurno, bari in ƙara mai. Ba allo yas sa munka san Bello na Wurno, Shehu na Hubbare ba. Mutane na, uba ya nuna ma ɗa, tun 1817 ba a rasa mai ziyara ga Hubbare ba. Wanga kogo na Talhiyot, wa yat taɓa ziyaratai kahin masu gini su hwasa shi?

Ɗan Mabera:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi wannan gefen ko kaɗan samarin ba su hango shi ba, su dai "an kama Kiristoci" kawai suke gani. Malam na gode, na kwafe bayaninka. Amma sai wata ta taso min. In wancan ba shi ba ne, su Kiristocin ina suke cewa kabarin yake? Masu dawowa ziyara na ga suna nuna hotuna iri biyu, wani a cikin tsohon gini mai fitilu, wani a cikin lambu.

Maman Ladi, Old Airport:

Salama gare ku duka. Baba ina gaisuwa, na ji daɗin maganarka ko da yake ka san inda muka rabu. Ƙanena mai shago, Allah ya biya ka. Ni Kirista ce, a sashen Hausa nake sujada, kuma bidiyon nan ya zagayo har rukunin WhatsApp na zumuntar mata. Wata ƙaramar yarinya a cikinmu ta kira ni da dare tana kuka, wai Mama in gaskiya ne fa? Don a wurinmu wannan ba reshe ba ne. Manzo Bulus da kansa ya rubuta a 1 Korintiyawa 15:14 cewa in ba a ta da Almasihu ba, wa'azi banza ne, bangaskiya ma banza ce. Shi ya sa duk mai son ya taɓa mu nan yake nufa.

Wuraren biyu duk na shiga lokacin da na je Urushalima, wato Ƙudus, da ayarin masu ziyara na Najeriya. Na cikin ginin shi ne Cocin Kabari Mai Tsarki, a tsakiyar tsohon birni. Za ka bi ta lungunan kasuwa, masu turare da masu tsaraba suna ta kiranka, sai kawai ka ɓullo a farfajiyarsa. A ciki akwai ɗan ɗaki da aka gina a kan kabarin. Layi mai tsawo, ƙofar gajera sai ka sunkuya, mutum uku ko huɗu ke shiga a lokaci guda, ga wani limamin Girkawa mai baƙar riga da dogon gemu yana ƙwanƙwasa bango wai a yi sauri. Na dafa shimfiɗar dutsen, ban gama addu'ar Ubangiji ba aka ce in fito. A bayan ɗakin akwai wani lungu mai duhu, jagoranmu ya haska da fitilar waya, sai ga irin ramukan nan da Malam ya kwatanta a jikin dutse. Ya ce su ne shaidar cewa wurin makabarta ce a zamanin Yesu, wato a wajen ganuwa yake a lokacin, don Yahudawa ba sa binne gawa a cikin birni. Daga baya aka faɗaɗa ganuwar ta haɗiye shi.

Sarkin Rumawa Kwanstantin ne ya sa aka gina cocin, aka keɓe ta a 335, bayan an rushe ɗakin gumakan da Rumawa suka ɗora a wurin. A watan Oktoba na 2016 masana daga wata jami'ar fasaha ta Atina suka ɗaga shimfiɗar marmarar saboda gyara, suka tarar da ainihin dutsen kogon a ƙasa, gwajin kwaɓin da aka liƙa wata tsohuwar marmara da shi kuma ya nuna wajen shekara ta 345.

Abin da zai ba ka mamaki, mabuɗin cocin nan a hannun Musulmi yake. Gidan Juda ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa, tun ɗaruruwan shekaru. Daura da farfajiyar kuma ga masallacin Umar, don masu tarihi sun ruwaito cewa da Halifa Umar ya karɓi birnin aka yi masa tayin ya yi salla a cikin cocin, ya ƙi, kada na baya su mayar da ita masallaci.

Na lambun kuwa, nan ne zuciya ta fi kwanciya. Ga itatuwa, ga inuwa, ba mai kora. Muka yi jibin Ubangiji muka rera waƙa da Hausa, waɗansu 'yan Koriya suna ta tafa mana. Amma su masu kula da wurin ma ba su ce mana tabbas nan ne ba. An gano shi a 1867 ne, Janar Gordon na Ingila ya ƙara wa wajen suna a 1883, sannan a 1986 wani masani Gabriel Barkay ya nuna cewa an sassaƙa shi shekaru 600 zuwa 800 kafin haihuwar Yesu. Yahaya 19:41 kuwa ya ce sabon kabari ne da ba a taɓa sa kowa ba. Don haka ni hoton lambun ne a bangon falona, amma in ka tambaye ni inda hujja ta fi karkata, cocin ce.

Ɗalibin Lissafi, Jami'ar Ɗanfodiyo:

Ina gaida manya. Malam, da girmamawa, ina ganin an yi saurin rufe maganar. Ni ba na goyon bayan tura bidiyon, amma misalin sunayen nan akwai gyara. Kowane suna shi kaɗai yana da yawa, na yarda. Haɗuwarsu a kogo ɗaya ita ce abin lissafi, don yiwuwar tana raguwa ne duk sanda ka ƙara suna. Farfesa Andrey Feuerverger na jami'ar Toronto, wanda sana'arsa ke nan, ya fitar da 600 bisa 1 cewa haɗuwar ba dace ba ce. Sannan "Yose" ba cikakken sunan Yusufu ba ne, gajeren ne da ba a cika samu a akwatuna ba, kuma shi ne wanda Markus 6:3 ya ambata cikin 'yan'uwan Yesu. Wannan ba a amsa shi ba.

Na biyu, akwatuna 10 aka fitar, 9 aka adana. Ina na goma? Akwai masu cewa shi ne akwatin nan da ya ɓulla a 2002 mai rubutun "Yaƙub ɗan Yusufu ɗan'uwan Yeshuwa". In haka ne lissafin ya ƙara nauyi.

Mama, ki yi haƙuri, 345 fa shekara 300 ne bayan abin da ake magana. Gwajin ya tabbatar da zamanin Kwanstantin, bai tabbatar da wanda aka kwantar a wurin ba. In za mu tsaurara wa Talfiyot, mu tsaurara wa kowa.

Malam Mai Tarihi, Arkilla:

Madalla, irin ɗaliban da nake so ke nan. Ƙa'idar da ka faɗa daidai ce, amma ka fi ni sanin cewa amsar lissafi tana bin abin da aka zuba mata. Mafi nauyin abin da ya kai adadin nan 600 shi ne ɗauka cewa Mariyamene ita ce Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin matan da suka bi Yesu. Daga ina aka samo wannan? Daga wani littafi da ake kira Ayyukan Filibus, na ƙarni na 4, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Masanin da suka jingina da shi, François Bovon na Harvard, ya fito daga baya ya ce shi bai ce sunan Magadaliya na tarihi ke nan ba. Wani masanin rubutu, Stephen Pfann, ma ya karanta shi a matsayin sunayen mata biyu da aka haɗa a akwati ɗaya. Feuerverger da kansa ya bayyana cewa sakamakonsa ya rataya ne a kan sharuɗɗan da aka ba shi. Cire wannan ɗaya, adadin ya zube. Sannan me aka yi da Matiya, wanda babu shi cikin 'yan'uwan? Me aka yi da Yehuda ɗan Yeshuwa, alhali babu wata tsohuwar majiya, ta masoya ko ta maƙiya, da ta ce yana da ɗa? Suka ajiye su gefe, wai ba su ƙara ba su rage. Ni a wurina wannan ne ya fi komai rauni, an ƙirga abin da ya dace an kau da kai daga abin da ya saɓa. Yose kam na ba ka, shi ne abu mafi ƙarfi a hannunsu, sai dai shi kaɗai ba ya ɗaukar wannan kaya.

Akwati na goma, Kloner ya ce fili ne, ba rubutu ba ado, shi ya sa ba a adana shi tare da sauran ba. Na Yaƙub kuwa daga hannun mai tara kayan tarihi ya fito, ba daga haƙar masana ba, don haka ba takardar da ta nuna ramin da aka ciro shi. A 2003 hukumar Isra'ila ta ce rubutun jabu ne, aka yi doguwar shari'a, a 2012 kotu ta sallami mai shi daga tuhumar ƙirƙira, amma alƙalin ya ce sallamar ba ta nufin an tabbatar rubutun na asali ne. A 2015 wani masanin ƙasa, Aryeh Shimron, ya ce ƙurar da ke jikinsa ta yi daidai da ta Talfiyot, masana da yawa ba su gamsu ba. A nan maganar ta tsaya.

Abin da ka gaya wa Mama kuwa ina tare da kai, kuma ina jin ba za ta musa ba. Cebur ba ya tono tashi daga matattu. Ko da an tabbatar kabarin cocin ne na ainihi, kabarin da ba kowa a ciki bai faɗi yadda aka yi ya zama haka ba. Abin da haƙa ta iya nunawa shi ne mutanen da wuraren. A 1961 an samu dutse a Kaisariya mai sunan Bilatus, gwamnan Rumawa. A 1990 an samu akwati mai ado da yawancin masana suka ɗauka na Kayafa ne, babban firist na Yahudawa a zamanin Yesu. A 1968 kuma, a arewacin Ƙudus, an samu ƙasusuwan wani mutum Yehohanan da ƙusar ƙarfe mai wajen santimita 11 tana nan cake a ƙashin diddigensa, bakinta ya lanƙwashe, har da ɓurɓushin itace. Wannan ya nuna Rumawa suna gicciye mutane a can da ƙusa, kuma akan ba dangi gawar su binne a kogon gida, abin da waɗansu masana suke shakka a da. Amma wa aka ɗora a kan itacen a waccan Juma'a, da abin da ya faru ranar Lahadi, inda Baba da Mama suka rabu ke nan, kuma babu dutsen da aka tono da ya raba musu gardama.

Maman Ladi, Old Airport:

Ɗana na jami'a, ban musa ba, ban je can don kwaɓin gini ya ba ni bangaskiya ba. Amma tun da shekaru kake ƙirgawa, ƙirga wannan. Wasiƙar Bulus ga Korintiyawa an rubuta ta wajen shekara ta 54, ba a kai shekara 25 da gicciyen ba, kuma a cikinta ya lissafa waɗanda suka ce sun gan shi da rai, har da Yaƙub ɗan'uwansa. Yaƙub ɗin nan yana zaune a Urushalima yana shugabancin masu bi har shekara ta 62 da aka jejjefe shi, Yosefus marubucin Yahudawa ne ya rubuta kisan, ba mu ba. In da akwatin yayansa yana ajiye a kogon gidansu, tafiyar awa guda daga Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, da suna a jiki, to shi Yaƙub ne zai zama ya tattara ƙasusuwan da hannunsa, sannan ya koma cikin gari yana cewa ya tashi, har ya yarda a kashe shi. Manyan firistocin da ke neman hanyar rufe bakinsu kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya aika bara ya duba. Ka sa wannan ma cikin lissafin ka gaya mana nawa ya ba ka.